Shafin Kasuwanci: A Gina Shi Domin Mai Waya a Hannu

Ɗan kasuwar da ya biya kuɗi aka gina masa shafin intanet yakan duba aikin ne a babbar kwamfuta, a ofishin maginin, inda sabis ke da ƙarfi. Mai saye kuwa waya ce a hannunsa, sau tari ƙarama, yana tattalin datarsa kamar ruwan tulu a tsakiyar bazara. Muddin shafin ya tsaya jan ƙafa saboda manyan hotuna da bidiyo mai kunna kansa, zai fita, kuma da wuya ya waiwayo.

Kamfanin Google ya daɗe da fahimtar wannan. Tun watan Afrilun 2015 ya fara fifita shafukan da ke zama daidai a fuskar waya idan da waya aka yi bincike, yanzu ma yadda shafi yake a waya shi yake dubawa wajen jera shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɓoye farashi. Za ka ga shadda mai kyau, an ɗauke ta hoto tsaf, a ƙasa an rubuta wai a tuntuɓe su don jin kuɗinta. A Kantin Kwari ana iya yin haka, domin ga mai kaya ga mai saye, a taya a sallama. A intanet ba wanda zai ce maka "albarka". Mutum na son ya ga kuɗin, ya san yadi nawa ne, da nawa za a kai masa Gusau ko Maraɗi, da ranar da kayan za su iso.

Sai batun amana. Kasuwar intanet ta Jumia da ta fara a Legas a 2012 ta jawo jama'a da tsarin biya bayan an kawo kaya, saboda mutane na tsoron tura kuɗi ga wanda ba su gani ba. Tsoron nan yana nan. Adireshin shago na gaskiya, da lambar da ake ɗauka idan an kira, da bayanin yadda ake mayar da kaya, sun fi kowane ado amfani. Daga Yulin 2018 manhajar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da https tambarin rashin tsaro, alhali ƙungiyar Let's Encrypt na ba da shaidar https ɗin kyauta. Maginin da ya miƙa shafi ba tare da ita ba bai gama aikinsa ba, kada a cika masa kuɗi.