Rubuta Saƙo A Bisa Sitiyari: Haɗarin Da Ke Bin Samarin Direbobi A Potiskum

Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne na fatauci da sufuri. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta cikinsa, ga kuma hanyoyin Bauchi da Gashuwa da Gwambe. Ranar Laraba kuwa, da kasuwar shanu ke ci, tireloli kan yi jerin gwano suna lodi zuwa Kudu. Da yawa daga masu jan waɗannan motoci samari ne, kuma kusan kowannensu da wayarsa a aljihu.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, harkar direba ta yi sauƙi. Amma ta zo da nata sharrin. Uban gida zai aiko saƙo da Hausa yana tambayar inda aka kai. Mai jiran kaya a Legas ya aiko nasa da Turanci. Daga gida kuma a rubuto da Karekare, ko Bolanci, ko Ngizimanci, ko Fillanci. Yaro yana riƙe da sitiyari, sai ya ga lalle ya amsa wa kowa da harshensa.

To, a nan gizo ke saƙar. Sauyawa daga wannan harshe zuwa wancan aiki ne ga ƙwaƙwalwa. Galibin samarin nan ba a koya musu rubuta harshen gida a makaranta ba, sai su tsaya laluben haruffa. Ita kuma wayar, idan an saita ta a kan Turanci, takan mayar da kalmar Hausa wata aba dabam, dole a goge a sake. Duk wannan lokaci ido yana kan waya, mota kuwa ba ta tsaya ba.

Lissafin a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Ke nan wanda ya sunkuya daƙiƙa biyar ya yi tafiyar mita 125 a makance, fiye da tsawon filin ƙwallo. Saniya na iya tsallakowa a wannan tsakani, ko ɗan makaranta, ko keke napep, ga shi tirela mai kaya ba ta tsayuwa nan take.

Wani bincike da cibiyar nazarin sufuri ta Virginia Tech da ke Amurka ta fitar a 2009 ya nuna direban babbar mota mai rubuta saƙo ya ninka wanda ya mai da hankali sau 23 wajen haɗarin yin karo ko kusantarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce riƙe waya ana tuƙi yana ninka haɗarin kusan sau huɗu. Shi ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, take cin tarar duk wanda ta kama.

Sai dai ma'aikacin hukuma ba ya cikin kowace mota. Nauyin yana kan iyayen gida da shugabannin tasha, su daina matsa wa yaransu da neman amsa nan take. Inda akwai yaron mota, shi ya karanta ya amsa. Inda babu, a sami wuri a faka tukuna. Saƙo yana iya jiran a isa Damaturu ko Azare, amma ran da aka rasa a hanya ba ya dawowa. Allah Ya kiyaye hanya.