Makwakkwafin Sahel da Muhimmancin Busasshen Reshe

Makwakkwafi tsuntsu ne da aka sani da sassaƙar itace da baki. Daga cikin ire-irensa da ake samu a Nijeriya akwai wani ɗan ƙarami mai launin toka, wanda masana suka raɗa wa suna Dendropicos elachus a shekarar 1919. Tsawonsa bai wuce santimita 14 ba. Mazauninsa shi ne yankin Sahel, tun daga Senegal da Muritaniya, ya ratso Mali da Nijar da Chadi har zuwa Sudan. A Nijeriya ana ganinsa a ƙuryar arewa, musamman wajejen Tafkin Chadi.

Kamanninsa da Abincinsa

Bayansa toka-toka ne mai ratsin fari, gindin wutsiyarsa kuma ja. Namiji yana da jan gashi a ƙeya, mace ba ta da shi. Kowace ƙafa tana da yatsu huɗu, biyu gaba biyu baya, sannan gashin wutsiyarsa mai tauri ne, da shi yake tokarawa idan ya maƙale a jikin itace. Yakan bi rassan aduwa da sauran itatuwan ƙaya yana ƙwanƙwasawa, in ya tarar da ramin tsutsa sai ya fasa ɓawon, ya zura dogon harshensa ya zaƙulo ta. Ta haka yake rage ƙwarin da ke cin itace ta ciki. Hatsi ba abincinsa ba ne, don haka manomi ba shi da abin tsoro daga gare shi.

Sheƙarsa

Makwakkwafi ba ya tara ciyawa ya yi sheƙa. Rami yake sassaƙawa a busasshen reshe, inda mace ke saka fararen ƙwai. Bayan ya tashi, wasu ƙananan tsuntsaye da ba su iya sassaƙa ba sukan gaji ramin. A nan matsalar take, domin busasshen reshe shi ne abin da mai neman itacen girki ke fara sarewa. Daji yana iya kasancewa kore shar, amma babu inda tsuntsun zai yi ƙwai.

Kira ga Jama'a

Tun 2015 da aka kafa Hukumar Babbar Katangar Itatuwa ta Ƙasa ake dashe a jihohi 11 na arewa. Sai dai dashe yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya yi kaurin da tsuntsu zai sassaƙa. Saboda haka ana kira ga masu unguwanni da dagatai da malaman daji na ƙananan hukumomi da su wayar wa jama'a kai cewa duk reshen da aka ga rami a jikinsa a ƙyale shi. Haka kuma a bar tsofaffin aduwoyi a gonaki da burtali, a guji ƙona daji, a kuma hana yara harbin tsuntsun da danƙo.