Aikin Ido a Asibiti: Abin da Kan Faru da Wanda Za Ka Yarda da Shi

Jama'ar Karaye, da Jega, da Aliero, da Maiyama, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa, musamman tsofaffi, domin su yanar ido ta fi kamawa.

Mece ce yana?

A cikin idon kowane mutum akwai wani ɗan ƙwaya garai-garai, kamar gilashi, wanda haske ke ratsawa. Yana zaune cikin wata 'yar jaka mai laushi, wadda ba ta kai ɓawon albasa kauri ba. In mutum ya manyanta sai ƙwayan nan ya yi fari, gani ya dushe kamar ana hazo. Wannan ita ce yana. Babu kwalli ko saiwa ko ɗigo da ke wanke ta, sai aiki.

Daga 2005 zuwa 2007 an bi Nijeriya duka ana duba idon waɗanda suka kai shekara 40. An sami wajen mutum 4 cikin 100 makafi ne, yana kuwa ita ce ta makantar da fiye da 4 cikin kowane makaho 10.

Yadda likita ke yin aikin

Waɗansu na cewa wai ana ciro ido a ajiye a faranti. Ba haka ba ne. Likita yakan kashe zafin idon da allura ko da ɗigo, mutum yana farke. Sa'an nan ya yi 'yar ƙaramar tsaga, ya fid da ƙwayan da ya yi fari, ya sa na roba a cikin jakar nan. Galibi ba a kai rabin sa'a. Wani likita Bature, Harold Ridley, shi ya fara sa irin wannan ƙwaya a Landan cikin 1949.

Aikin leza

Leza wani haske ne siriri mai ƙarfi, wanda aka fara ƙerawa a Amurka cikin 1960. Ku lura, ba shi kaɗai ke cire yana ba, tilas a yi tsaga. Amma bayan aiki da watanni ko shekaru, jakar nan takan dushe wa waɗansu, gani ya sake raguwa. To, nan ne leza ke da amfani. Mutum ya zauna, ya ɗora haɓa a kan na'ura, likita ya huda tsakiyar jakar da haske. Minti kaɗan ne, babu yanka, babu ɗinki.

Ana kuma yin leza ga masu hawan jinin ido, da waɗanda ciwon sukari ya taɓa wa ido. Su kam ganin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, abin da ya saura ake tsarewa. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, likita zai gaya maka inda za ka nufa.

Akan sami matsala?

I, akan samu, ko da yake ba kasafai ba. Likitan kirki ba ya ɓoye wannan. Wani lokaci ana cikin cire yana sai jakar ta yage. In haka ta faru likita zai sake dabara: aikin ya ƙara tsawo, ko ya kafa ƙwayan roba a wani wuri cikin idon, ko ya bari sai wata rana. An koya masa abin da zai yi, kuma kayan yi suna gabansa.

Bayan leza kuwa, ƙarfin ruwan cikin ido yakan hau na ɗan lokaci, shi ya sa akan ba da ɗigo, a ce ka dakata a sake aunawa. Wani yakan riƙa ganin ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar ƙudaje na 'yan kwanaki. Can ba a rasa ba, fatar da ke shimfiɗe a ƙuryar ido takan ɓamɓaro, wannan kuwa sai aikin gaggawa.

Naka aikin

Na farko, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka gaya wa likita in kana da ciwon sukari, ko hawan jini, ko tari, da dukan maganin da kake sha ko ka taɓa ɗigawa a ido.

Na biyu, ka yi tambaya kafin ka sa hannu a takarda. Wane irin aiki za a yi? Gani nawa ake tsammanin zai dawo? In an sami matsala, wa zan komo wurinsa? Ba rashin kunya ba ne. In mai ciwon tsohuwa ce, ɗanta ko 'yarta su raka ta su tambaya mata.

Na uku, in an fara aiki ka natsu. Za ka ga haske mai ƙarfi, ka ji ƙarar na'ura da maganar ma'aikata. Kada ka zabura, kada ka kai hannu fuska. In tari ko atishawa ya taso, ko ka ji zafi, ka faɗa da baki tukuna. In ka ji aikin ya daɗe, ka haƙura, gyara ake yi.

Na huɗu, in ka koma gida ka ɗiga magani yadda aka ce, da hannu wankakke. Kada ka murza ido. Ka nisanci hayaƙin murhu, da ƙurar sussuka, da ɗaukar kaya mai nauyi. Ban da tozali. Ka tambayi likita yadda za ka yi alwala da sujada a kwanakin farko.

Ka koma asibiti a ranar, kada ka jira ranar kasuwa, in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: zafi mai ƙaruwa, ja da kwantsa, gani ya ragu bayan ya fara kyau, walƙiya a ido, ko wani duhu kamar an saki labule.

Wa za ka yarda da shi?

Akwai masu yawo ƙauye-ƙauye, su soka tsinke ko allura a ido, su tura yanar ta faɗa ciki. Nan take mutum yakan ga haske ya yi murna, ya biya. Bayan kwanaki ido ya kumbura, mai aikin kuwa ya yi gaba. A binciken nan da muka ambata, cikin idanun da aka yi wa haka, kusan 3 cikin 4 an same su a makance. Aliero ta yi suna wajen ɗori, amma ido ba ƙashi ba ne, in ya lalace ba ya haɗewa.

Ka yarda da likitan da ya koyi aikin ido, wanda ya auna ka kafin ya taɓa ka, ya gaya maka haɗarin da ke ciki, kuma gobe in ka komo za ka same shi. Ka fara da asibitin da ke kusa da kai, su rubuta maka takarda zuwa Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Akwai kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, wanda aka buɗe tun 1943.

Mai gida, in akwai tsoho a gidanka da ya daina gane fuskar jikokinsa, kada ka ce tsufa ne kawai. Ka kai shi a duba. Allah ya ba mu lafiya, amin.