Hattara Masu Aikin Jirgin Ruwa a Legas: Injin Dizal Ba Ya Mutuwa Sai Ya Yi Gargaɗi

Agege ba garin bakin ruwa ba ne. Goro da shanu ne suka kawo kakanninmu nan, daga baya layin dogo da ya haɗa Legas da Kano a 1912 ya ƙara buɗe hanya. Amma yau neman halal ya kai 'ya'yan Zangon Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago har gaɓar ruwa. Tun da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, samari da dama suka sauya sana'a. Akwai masu lodin yashi, akwai yaran jirgi, akwai kanikawan janareta da manyan motoci da ake kira su duba inji a tashar ruwa, akwai kuma alhazan da suka zuba jari a jirgin dakon kaya alhali ba su taɓa leƙa ɗakin injinsa ba. Da su duka muke magana.

Ƙananan jiragen fasinja da ke zirga-zirga tsakanin Ikorodu da Ebute Ero da CMS galibi injin fetur ne ake rataya musu a baya. Manyan kuwa, irin masu ɗaukar yashi da masu jan kaya da masu haƙo yashi daga ƙasan ruwa, injin dizal ne a cikinsu, kamar Perkins, Cummins, Yanmar ko Caterpillar, wani lokaci ma injin babbar mota ne aka ciro aka dasa. A nan ne kuskuren yake farawa, domin bakanike yakan ɗauka tunda ya san wannan inji a mota, ya san shi a ko'ina. Mota in ta mutu sai a gangara gefen titi a kira yaro ya kawo sifana. Jirgi in ya mutu, ruwa ne ke karɓe tuƙin. A daren 8 ga Yulin 2022, jajibirin Babbar Sallah, wani jirgin fasinja ya taso daga Mile 2 zai nufi Ibeshe, ƙarfin ruwa ya ja shi ya haɗa shi da wani babban jirgin dakon kaya da ke tsaye, ya kife. Gawa 17 aka tsamo. Allah Ya jiƙansu. Wanda ya san yadda ruwan nan ke ja idan teku na cika ko tana janyewa ba zai yi wasa da lafiyar injinsa ba.

Mai shi ne farkon matsala

Injin dizal ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sannan nozul ya fesa mai ya kama da kansa. Saboda haka famfon mai da nozul aikinsu na ƙwaƙƙwafi ne, ɗan datti ko ɗigon ruwa ya isa ya lalata su. Man jarka da ake saye a bakin hanya, wanda aka surka da kananzir ko aka dafa a daji, ba shi da santsin da famfo ke buƙata, sai ya riƙa cin kansa a hankali. Wanda aka surka da fetur ya fi muni, domin tururinsa na kama wuta da ɗan tartsatsi a rufaffen ɗakin inji. Araha ba ta ado. A sayi mai a gidan mai sananne, a tace shi kafin a zuba.

Ko man mai kyau ne, damshin Legas kan sa gumi ya taru a cikin tankin da ba a cika ba. Ruwan ya kwanta a ƙasa, wani baƙin yauƙi ya tsiro a kansa. Jirgi na tsaye ba a ganin komai, amma da zarar igiyar ruwa ta girgiza tanki sai dattin ya tashi ya toshe filta, daidai lokacin da ake buƙatar ƙarfin inji. Maganin shi ne a sa filta mai raba ruwa da mai, a riƙa tsiyaye ruwan da ya taru a gindinta kowace safiya, kuma kada a tashi ba tare da filta ta ajiya ba. Idan an canza filta ko mai ya ƙare, iska ta shiga layi ke nan. Sai an sassauta ɗan noti an buga famfon hannu har kumfa ta daina fita sannan inji zai tashi. Kowane yaron jirgi ya kamata ya iya wannan. Amma kada a kuskura a sa yatsa a laluba inda bututun nozul ke yoyo inji na aiki, domin ƙarfin man na huda fata ya shiga nama, har ta kai ga yanke yatsa.

Ruwan sanyaya inji

Injin jirgi ba ya dogara da lagireto da fanka irin na mota. Daga ƙarƙashin jirgi yake zuƙo ruwa, wani famfo mai fukafukan roba ya tura shi ya sanyaya inji, sannan ya fita ta salansa. Ruwan Legas kuwa cike yake da leda da robobi, ga kuma ciyawar nan mai kama da kainuwa da ta shigo ta Badagry a 1984, wadda duk shekara take rufe hanyoyin ruwa, musamman wajen Ikorodu. Leda ɗaya in ta manne a bakin bututu, robar famfon za ta juya a bushe ta ƙone cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Don haka da an tada inji, abu na farko shi ne a leƙa salansa. In ruwa ba ya fita, a kashe nan take. A duba rariyar da ke tace ruwan, a duba fanbel, a buɗe famfo. In an samu fukafukan robar sun karye, a nemo gutsattsarin duka, domin suna zuwa gaba su toshe ƙananan bututu. A canza robar sau ɗaya a shekara ko da ba ta nuna gajiya ba. Da rani gishiri na ƙaruwa a ruwan, yana cin ƙarfe, shi ya sa ake ɗaura ɗan dunƙulen zinki domin gishirin ya ci shi maimakon inji. In ya cinye rabi a sake sabo. Kada a buɗe murfin ruwa inji na da zafi. Haka kuma in inji ya ƙi tashi, a daina matsa kik ba ƙaƙƙautawa, domin ruwan da famfo ke turawa na iya taruwa a salansa ya koma cikin inji.

Abin da hayaƙi da baƙin mai ke faɗa

Baƙin hayaƙi na nufin lodi ya yi yawa, ko iska ba ta isa, ko igiya da leda sun naɗe farfela. Shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai, wato zobba sun gaji. Fari kuwa ko man da bai ƙone ba ne, ko tururin ruwa. A zaro sandar awon baƙin mai kowace safiya. In ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, kada a tashi. In kuwa an ga yana ƙaruwa ba wanda ya ƙara, dizal ne ke zuba a ciki, kuma haɗarinsa babba ne: inji na iya kwasa da gudu da kansa, a kashe makulli ya ƙi mutuwa. In haka ta faru a toshe mashigar iska da katako mai faɗi, ba da tafin hannu ba. Lokacin juyen baƙin mai kuwa da awa ake lissafa shi, ba da wata ba. Yawancin kamfanoni suna sa shi tsakanin awa 150 zuwa 250. Tsohon man kuma a tara a jarka, kada a zubar a ruwan da masunta ke ci daga cikinsa.

Mazaunin inji, abin da aka fi mantawa

A ƙarƙashin inji akwai ƙafafu, yawanci huɗu, na roba da ƙarfe, waɗanda kanikawa ke kira injin sit. A mota nauyi da girgiza kawai suke ɗauka. A jirgi mai shaf kuwa, duk turin da farfela ke yi ta cikinsu yake bi kafin ya isa jikin jirgi. Ga shi suna zaune a inda baƙin mai da dizal ke ɗiga su narkar da roba, ruwan gishiri kuma na cin ƙarfen.

Alamun gajiyarsu a fili suke: girgiza ta ƙaru, ana jin ƙara in an sa giya, roba ta tsage ko ta lotsa, ƙusa ta yi tsatsa, notin da ke haɗa giya da shaf na yawan kwancewa, ruwa na shigowa fiye da da ta inda shaf ya fita. Dalili shi ne inji ya sauka ƙasa, ya bar layin shaf. Daga nan sai boris ya lalace, giya ta fara yoyo, shaf ya lanƙwashe ko ya karye. In ya zame ya fita, ya bar rami a ƙasan jirgi, kuma ruwa ba ya jiran a nemo abin toshewa.

Wajen canji, a kiyaye waɗannan. A canza su gaba ɗaya, domin sabo ɗaya cikin tsofaffi uku shi zai ɗauki wahala ya mutu da wuri. Kada a ɗauko na mota daga kasuwar Ladipo a ce ai duk roba ce. A nemi wanda aka yi domin nauyin wannan inji, a kuma lura cewa a wasu injuna taurin na gaba ya bambanta da na baya. Kafin a taɓa komai a auna tsayin kowace ƙafa a rubuta. A cire kan batir, a kwance mahaɗar giya da shaf, a ɗaga inji kaɗan da sarƙa ko jak, a sa katako ya tokare, kada kowa ya sa hannu a ƙarƙashin injin da ke rataye. A canza ɗaya bayan ɗaya. A duba katako ko ƙarfen da ƙafar ke zaune a kai, domin in ya ruɓe, sabuwar ƙafa ba ta da amfani.

Sai kuma babban aikin, wato daidaita inji da shaf. Ba da ido ake yi ba. Ana haɗa fuskokin mahaɗar biyu, a zura siraran ƙarafan awo a sama da ƙasa da dama da hagu. A mahaɗa mai faɗin inci 4, bambancin kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ana ɗaga noti ko a sauke shi kaɗan-kaɗan har a samu. A yi wannan jirgi na kan ruwa, domin jikinsa kan ɗan sauya in an ɗora shi a tudu. Bayan 'yan kwanaki sabuwar roba za ta zauna, sai a sake awo a ƙara ɗaure noti. Bakaniken da ya ɗaura ƙafafu ya karɓi kuɗinsa bai yi wannan awo ba, rabin aiki ya yi.

Hakkin kowa

Alhaji mai jirgi, ka sani kuɗin filta da roba ba asara ba ne, kuma duk ranar da ka ce wa direba "lallaɓa ka yi sawu ɗaya," rayukan mutane ka sa a caca. Ka sa a ajiye littafin da ake rubuta awannin aiki da ranar juye. Direba kuma kada ya tashi sai da anga da igiya mai tsawo, da abin kashe gobara, da waya mai caji. In inji ya mutu, a fara jefa anga kafin a buɗe akwatin sifana. Hukumomin kula da hanyoyin ruwa, wato NIWA ta tarayya da LASWA ta jihar Legas, wadda aka kafa a 2008, duk sun wajabta sa rigar kariya, sun kuma hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima. Fasinja ma yana da ta cewa: in ka ga ana ta fama da inji kafin a tashi, ko an hana ka riga, ka sauka ka jira na gaba.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin sana'a a Agege da sauran unguwanni da su ja hankalin samarinmu, su nemi koyon aikin injin ruwa a hannun waɗanda suka san shi kafin su karɓi aikin da ba nasu ba. Ɗan'uwa, in injinka ya fara sauya murya, ka ɗaure jirgi a tasha ka duba shi a ranar. Tawakkali ba ya hana ɗaukar mataki. Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa.