Inabin da Ba Ya Son Zafi

A gabashin Faransa, daga birnin Dijon ka nufi kudu, akwai wani siririn gangare mai tsawon kusan kilomita 60 da ake kira Côte d'Or, a yankin Burgundi. Nan ne tushen pinot noir, baƙin inabin da ya yi ƙaurin suna wajen wahalar da manomi. Giya ake yi da shi, wadda galibin masu karatunmu ba ruwansu da ita. Amma labarin shukar ya kai a saurara, don ta zama ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun ɗumamar duniya.

Fatar 'ya'yansa ba kauri, ga su a cunkushe, don haka in ruwa ya yi yawa sai su ruɓe, in rana ta ƙwalle sai su ƙone. Yana toho da wuri, yana nuna da wuri. A ƙasa mai zafi sai ya nuna a gaggauce: zaƙi ya taru, tsami ya zube, ƙamshi kuwa bai gama haɗuwa ba. Sanyi ne ke sa shi tafiya a hankali. Rana tana gina sukari, dare mai sanyi kuma yana rage saurin da 'ya'yan ke cinye sinadarin tsaminsu. Shi ya sa giyar wurare masu sanyi janta ba ya duhu, ba ta da nauyi, tsaminta a fili yake, masu ɗanɗano kuma kan ce suna jin ƙamshin ceri da na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Gangaren yana fuskantar gabas, hantsi na busar da raɓa tun da wuri, dutsen farar ƙasa da ke ƙarƙashi kuma ba ya barin ruwa ya kwanta. Kamar yadda manominmu ya san bambancin tudu da fadama, haka nan ake bambance gona da maƙwabciyarta, ko da 'yar hanya ce kawai tsakaninsu. Sufayen Kirista na Cîteaux, da aka kafa gidansu a 1098, suna cikin waɗanda suka daɗe suna wannan lura. Yau gonakin da aka shata, kowace da sunanta, sun kai 1,247, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Tun 1395 mai mulkin yankin, Philippe le Hardi, ya ba da umarnin a tumɓuke inabin gamay, mai yawan yabanya, don a ba pinot fili.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rubutun da mutanen garin Beaune na wannan yanki suka bari. A da, ba kowa ke shiga gona ya ɗiba ranar da ya ga dama ba, hukuma ce ke shelar ranar farawa. Daga takardun majalisar gari, da na coci, da lissafin ladan masu ɗiba, masanin tarihi Thomas Labbé da abokan aikinsa suka haɗa jerin ranakun ɗiban inabi daga 1354 zuwa 2018, suka wallafa a 2019. Sama da shekara 600 matsakaicin ranar farawa tana wajen 28 ga Satumba. Daga 1988 sai ta dawo 15 ga wata. Kwana 13 ke nan, kuma ga shukar da duk darajarta a jinkirin nuna take, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wani abin mamaki, ɗumamar ba ta raba manoma da sanyi ba. A 2021 ƙarshen watan Maris ya yi zafi, itatuwa suka yi toho, sai ga sanyi mai daskarar da raɓa a farkon Afrilu. Manoma suka kwana a gona suna kunna gwangwanayen kyandir jere-jere tsakanin kunya, ko iska ta ɗan ɗumama. Duk da haka da yawa daga cikin tohon ya ƙone.

Dama can an daɗe ana nemar wa pinot wasu wurare masu sanyi. David Lett ya dasa shi a kwarin Willamette na jihar Oregon a Amurka a 1965, ana nomansa a Jamus da Central Otago a kudancin New Zealand. Yanzu har a kudancin Ingila, inda a da ake ganin sanyi ya yi masa yawa, yana cikin inabin da aka fi dasawa.