Ƙwarangwal Mai Hular Gayu

Wata ranar Asabar na tarar da 'yar yayata zaune a tsakar gida, ta ɗora littafin makaranta a cinya tana zane da biro. Na leƙa. Yarinya ta zana, fuska fara fat, kitso biyu ya sauko har ƙirji, baƙar riga, sannan a kafaɗarta ga wani hannun mutum a tsugune, ba gangar jiki, shi kaɗai kamar ƙadangare a kan katanga. Kakarta da ke tsintar shinkafa ta ɗago ta gani. "A'uzubillahi! Ke kuma ki rasa abin zanawa sai hannun gawa?" Yarinyar ko gezau, ta ce, "Hajiya, ai ba ya cutarwa, shi ne ma yaronta."

Wednesday ta zana, yarinyar shirin nan na Netflix da ya fito a 2022, wanda Tim Burton ya ba da umarnin kashi huɗu na zangonsa na farko. Amma gidan su Wednesday ya girmi Netflix nesa ba kusa ba. Wani mai zanen barkwanci a Amurka, Charles Addams, shi ya fara zana mutanen gidan a mujallar The New Yorker tun 1938: iyali masu ladabi da son juna, sai dai abin da kowa ke gudu shi ne abin marmarinsu.

Abin da ya ba ni dariya, wannan Hajiyar ce ta raine mu da tatsuniyar Dodo mai haɗiye mutanen gari. Muna ƙanƙame da zanenta, gabanmu na faɗuwa, ta kai ƙarshe mu ce a ƙara. Tsoron da ake sha da daɗi ba baƙo ba ne a gidajenmu. Namu ta kunne yake shiga, nasu ta ido, kuma da yake da yawa daga cikinmu na da ƙyamar zana abu mai rai, idonmu bai saba ba. Shi ya sa da an ga irin wannan zane sai a ce ko mai shi yana da taɓin hankali, ko ɗan tsafi ne.

Mai zane Edward Gorey ya isa ya warware wannan zato. An haife shi a Shikago a 1925, ya karanta Faransanci a jami'ar Harvard, ya rasu a 2000. Mutum ne mai son kyanwoyi, har dukiyarsa ma asusun kula da dabbobi ya bar wa. A 1963 ya fitar da wani ɗan mitsitsin littafi, The Gashlycrumb Tinies, mai siffar littafin koyon baƙaƙe: yara 26, kowane da harafinsa, kuma kowane ajalinsa na jiransa a shafinsa. Da jin haka mutum zai ce wannan ai rashin imani ne. To, buɗe littafin. A mafi yawan shafukan ba mutuwar yake nunawa ba, daƙiƙar da ke gabanta yake kamawa. Ga yaro cikin tufafi masu tsabta, ga ɗaki mai labule da bango mai ado, komai an zana shi da siraran layukan alƙalami a giciye, dubbai, har duhu ya yi kauri kamar saƙar tabarma. Yaron bai san komai ba. Kai mai kallo ka sani. Dariyar da ke kuɓuce maka a nan ba ta mugunta ba ce. Shaguɓe yake wa tsofaffin littattafan tarbiyya na Turawa, masu razana yara da cewa duk wanda ya ƙi jin magana mummunan ƙarshe zai yi. A wurin Gorey mai jin magana da marar ji duk ɗaya.

A ganina a nan gwanintar take. Zuba jini a takarda kowa ma ya iya. Abin da ke da wuya shi ne ka sa mutum murmushi, sannan ya tsargu da murmushin nasa.

Burton, wanda aka haifa a Burbank ta jihar Kalifoniya a 1958, yana cikin waɗanda suka fitar da salon daga littafi zuwa majigi. Mutanensa dogaye ne sirara, ido zuru-zuru, jiki duk ɗinki, kuma kusan kullum su ne masu kirki, maƙwabtansu masu tsaf-tsaf su ne abin tsoro. Fim ɗin The Nightmare Before Christmas na 1993, wanda labarinsa na Burton ne amma Henry Selick ya ba da umarni, da 'yan tsana aka yi shi: a motsa hannu kaɗan a ɗau hoto, a sake motsawa a sake ɗauka, hoto 24 kafin a cika daƙiƙa guda. Da gidan adana zane na MoMA da ke New York ya baje zanukansa daga 2009 zuwa 2010, sama da mutum dubu 800 suka je kallo.

Akwai kuma Mark Ryden, wanda ya zana bangon faifan Dangerous na Michael Jackson a 1991. Da fentin mai yake aiki, sumul kamar na magabatan Turai, amma abin da yake zanawa 'yan mata ne masu manyan idanu kamar 'yar tsanar roba, kusa da su ga tsokar ɗanyen nama, kai ka ce yanzu aka sauke ta daga teburin mahauci. Baje kolinsa na 1998 ma da nama ya sa masa suna. Irin aikinsa manyan gidajen zane sun daɗe suna yi masa kallon kayan tallar titi, sai mujallar Juxtapoz da aka kafa a 1994 ta zame wa masu salon dandali.

Ba duka ke wasa ba. Zdzisław Beksiński na ƙasar Folan, wanda ya karanta tsarin gine-gine, ya zana manyan majami'u da aka gina da ƙashi, da halittu masu naɗe da tsumma cikin jan hazo irin na ƙurar hunturu, kuma ba ya sa wa zane suna. Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da fara'a da barkwanci. Matarsa ta rasu a 1998, ɗansa ya kashe kansa a 1999, shi kuma a 2005 wani matashi ya daɓa masa wuƙa a gidansa da ke Warso saboda ya ƙi ranta masa 'yan kuɗi. Zanukansa na nan a gidan tarihin garinsu, Sanok. Idan na ajiye su kusa da ƙoƙon kan da wani mai fasaha, Damien Hirst, ya lulluɓe da lu'ulu'u 8,601 a 2007 ya sa masa farashin fam miliyan 50, sai in ga na Hirst ya fi kama da ciniki. Ra'ayina ne, wani na iya musawa.

Kakan su duka, a wurina, José Guadalupe Posada ne na Meziko. Ba don manyan gidaje ya yi aiki ba, don takardun kwabo-kwabo da ake sayarwa a titi ya yi. Ya zana ƙwarangwal na hawan keke, na rawa, na shan giya. Mafi shahara a ciki mace ce: ƙoƙon kai tsirara, haƙora a waje, amma ta kafa wata ƙatuwar hula ta yayin Faransa mai gashin jimina da furanni. Da masu raina asalinsu suna kwaikwayon Turawa yake. Ya mutu a 1913 cikin talauci, aka binne shi a kabarin gama-gari. Sai a 1947 Diego Rivera ya zana ta da cikakkiyar riga a jikin bango, sunan Catrina ya bi ta, har yau kuma mata a Meziko na yin shigarta a bikin tunawa da mamata na 1 da 2 ga Nuwamba.

Ita na nemo a waya na miƙa wa Hajiya. Ta goge hannu da gefen zane, ta nisantar da wayar daga fuskarta don babu tabarau, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Oh ni! Wannan ko a kabari ba ta daina ɗaurin ɗankwalin biki ba." Ta miƙo mini wayar, ta ce wa jikarta ta ajiye biron nan ta zo ta ɗora ruwa.