Mai Kawo Saƙo Iyakarsa Zaure

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani al'amari da ya soma yawa a garuruwanmu na Kafur da Malumfashi da Funtuwa, watau yadda waɗansu masu kawo saƙo suke faɗawa cikin gidajen aure kai tsaye, don kawai sun tarar da ƙofa a buɗe. Abin da ya sa na ɗauko maganar kuwa shi ne wani abu da ya auku a unguwarmu da kakar bara, wanda saura ƙiris ya kashe aure.

Wata amarya maƙwabciyarmu, wadda ba ta fi wata 7 da tarewa ba, ta sayi atamfa turmi 2 a wurin wata mai sayarwa a Kano ta WhatsApp. Aka ba direba kayan ya kawo su tashar Malumfashi, shi kuma ya danƙa wa wani ɗan acaɓa tare da kwatancen gida. Yaron ya iso da hantsi, maigida yana gona wajen girbin dawa, yaran maƙwabta duk suna makaranta. Ya yi sallama sau ɗaya ba a amsa ba, domin tana bakin rijiya tana wanki, ga rediyo kuma yana ta yi. Sai kawai ya ratsa zaure ya kutsa tsakar gida. Ya same ta da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali. Ta ƙwalla ƙara ta ruga ɗaki, shi kuma ya ajiye ƙunshin a kan tabarma ya fita da sauri.

To, ashe wani dattijo da ke zaune a gindin dalbejiya ya ga shigarsa da fitarsa. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, kowa da irin gishirin da ya ƙara mata. Miji kuwa bai ma san da zancen atamfar ba, sai a bakin mutane ya ji. Sai da iyaye suka zauna har sau 2 kafin yarinyar nan ta koma ɗakinta. Shi ma ɗan acaɓan da ƙyar ya tsira daga hannun samarin unguwa. Ba wanda ya yi niyyar mugunta a cikinsu, amma dubi inda abin ya kai.

Yadda Muka Gada

Duk wadda ta tashi a ƙasar Hausa ta san ba a banza ake gina zaure ba. Nan maigida yake karɓar baƙinsa, nan ake cin tuwon dare da maƙwabta, nan almajiri yake tsayawa. Magina kuma da gangan suke kauce wa sa ƙofar waje ta yi daidai da ta ciki, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. A manyan gidaje ma bayan zaure akwai shigifa. Ko gidan danga ne a ƙauye, za ki ga an karkata hanyar shiga, ko an kafa zana a gabanta.

Saboda wannan tsari ne ba mu saba kulle ƙofa da rana ba. Yara suna shiga suna fita, maƙwabciya ta zo aron rariya, wata ta aiko a sayi ƙuli-ƙuli ko daddawa, awaki su dawo shan ruwa. Ƙofar a buɗe take saboda waɗannan. Namiji baligi wanda ba muharrami ba kuwa, tun yana yaro ya san makullinsa sallama ce. Zai tsaya daga waje ya ce, “Salamu alaikum, ana sallama da maigida.” In an ce ba ya nan, sai ya ba yaro saƙon ya juya. Masu son ƙara jaddadawa su rubuta “Ba Shiga” da gawayi ko fenti a jikin bango.

Saƙon da ma ba ya zuwa da baƙon ido. Wasiƙa takan sauka a gidan waya, ko ta zo ta hannun hedimasta ko gidan dagaci. Kaya kuwa ɗan'uwa ne yake riƙo su, ko direban garin da kowa ya san ubansa. Waɗanda aikinsu ya tilasta su shiga, kamar ɗan garuwa da mai itace da mai gyaran rufi, su ma da ƙa'idarsu. Sai sun ɗaga murya sun ce, “A shigo da ruwa?” an ce musu su shigo, bayan mata sun suturta jikinsu.

Abin Da Ya Canja

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sannan ciniki ta waya ya bunƙasa, mace tana ɗakinta a Masari ko Mahuta ko Gozaki za ta zaɓi kaya a Kantin Kwari ta biya, washegari su iso. Wannan ci gaba ne, kuma ya taimaki mata masu sana'a a cikin gida ƙwarai da gaske. Amma fa kayan ba su da ƙafa. Sai sun bi ta hannun mutum 3 ko 4, kuma na ƙarshensu, wanda zai tsaya a ƙofarki, sau da yawa ba ki taɓa ganinsa ba, mijinki ma bai san shi ba.

Bugu da ƙari, gidajen da ake ginawa yanzu da yawa ba su da zaure. Get ne kawai na ƙarfe, kana tura shi sai ga ka a tsakar gida. Yaran da a da suke tsaye a ƙofa suna jiran aike, yanzu daga safe zuwa azahar suna boko, da yamma suna Islamiyya. Watau masu zuwa sun ƙaru, masu tare su kuwa sun ragu. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga kuma halin tsaro da wannan yanki namu ya shiga a shekarun nan. Wanda ya tuna yadda aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamban 2020 ba zai yi mamaki ba don mutane sun zama masu tsoron baƙuwar fuska. Yawancin 'yan acaɓa bayin Allah ne masu neman halaliyarsu. Sai dai in ya zama al'ada duk mai riƙe da ƙunshi yana iya shiga gida, to mugu ma ƙunshi kawai zai nema ya riƙe, ya shiga ya ƙirga ɗakuna da shanu da buhuna.

Addini Da Doka

Maganar neman izini ba al'adarmu ce kaɗai ba. A cikin Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, an hana mumini shiga gidan da ba nasa ba sai ya nemi izini ya yi sallama. An kuma bayyana cewa ko bai sami kowa a gidan ba, kada ya shiga sai an ba shi izini, in kuma an ce ya koma, to ya koma. Wannan ita ce amsar mai cewa, “Ai na yi sallama ba a amsa ba, shi ya sa na shiga na ajiye.” Shirun mutanen gida ba izini ba ne. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna sau 3 ake neman izini, in ba a ba mutum ba ya juya. Malamai kuma suna karantar da cewa mai sallama ya tsaya daga gefen ƙofa, kada ya fuskance ta, kuma in an tambayi ko wane ne ya faɗi sunansa, kada ya ce “ni ne”.

Dokar ƙasa ma haka. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrin gidansa. Hukuma kanta tana kiyaye wannan iyaka. Shi ya sa mata ake turowa gida-gida wajen ɗiga wa yara maganin rigakafin shan-inna, domin an san namiji iyakarsa waje.

Ko a ƙasashen da ba su san zaure ba, ba a ɗauki abin da wasa ba. A Amurka, cikin 2017, kamfanin Amazon ya fito da wani tsari wanda mai kawo kaya zai buɗe ƙofa ya ajiye su daga ciki. Amma sai mai gidan ne ya nemi tsarin da kansa, ya sa makulli na musamman da kyamara mai ɗaukar duk abin da ya faru. Kun ga ke nan can ma izinin mai gida shi ne kan gaba.

Shi Ma Da Uzurinsa

Kada mu ɗora wa mai kawo saƙo laifin duka. Na tambayi wani ɗan acaɓa, ƙanen wata ƙawata, abin da ke sa su shiga. Ya ce, “Malama, in na bar kaya a ƙofa aka ɗauke, ni zan biya. In akuya ta yaga leda ko ruwa ya jiƙa su, ni za a zaga. In na tsaya jira fasinja sun wuce ni, in na koma da kayan kuma wa zai biya ni kuɗin mai?” Ya ƙara da cewa sau da yawa matan ne da kansu suke ce musu a waya, “Kai dai shigo ka ajiye.”

Maganarsa abin dubawa ce. Amma na ce masa tsayawa a waje shi ta fi karewa. In ya shiga gidan da ba kowa ya ajiye kaya, da yamma aka nemi waya ko kuɗin adashi aka rasa, sunan wa za a fara kira? Kuɗin acaɓa ɗaya bai kai ya sayar da mutuncinsa a kansa ba.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Na farko, kada ki sa a kawo miki kaya ba da sanin maigida ba. Da amaryar nan ta gaya wa mijinta tun da safe, da rabin fitinar bai tashi ba.

Na biyu, tun wajen ciniki ki faɗa wa mai sayarwa, ita kuma ta faɗa wa direba, cewa gidan ba a shiga, in an iso a kira waya a tsaya a waje. Ya fi kyau ma a ba da lambar maigida ko ta wani ɗanki babba a maimakon taki, domin lambar matar aure ba abar yawo a tasha ba ce.

Na uku, ki tanadi inda za a ajiye. Kusan kowace unguwa akwai mai shago ko tela ko wani dattijo amintacce da ba ya nisa da ƙofar gida. Ku shirya da shi ya riƙa karɓa. Gidan da ke da zaure kuwa, a sa kwando ko tsohon akwati a lungu inda akuya ba za ta kai ba.

Na huɗu, ki zaɓi lokaci. In kin san da hantsi ke kaɗai ce, ki ce a kawo bayan azahar sa'ad da yara suka taso. Ranar da kike jiran saƙo ki rage rediyo, waya tana kusa, hijabi yana rataye inda hannu zai kai. In kuwa ke kaɗai ce a gidan da ba zaure, sakata ba ta da tsada.

Na biyar, kaya masu nauyi, kamar buhun masara ko na taki ko katifa, ba shakka sai an shigo da su. To, a bari sai maigida ko wani namijin gidan yana nan, ya shiga gaba ya ce a kintsa, ya raka masu ɗauka har rumbu ko sito, ya kuma rako su waje.

Na shida, kada ki bar mutum yana ta jira a rana. Ki amsa sallama da wuri, ki aika masa da ruwa, ki biya shi cikakken kuɗinsa, in ya yi dawowa biyu saboda ke ki ƙara masa. Wanda aka mutunta a ƙofa ba ya neman wuce ta. Kuma kada sabo ya sa ki sassauta don wai kullum shi ke kawowa. Sabo turken wawa ne.

In kuwa an riga an shigo miki, kada ki ɓoye. Ki gaya wa maigida da bakinki kafin ya ji a waje. Shi kuma ya sami shugabannin 'yan acaɓa ko na tasha da maganar cikin lumana. Ina roƙon shugabannin nan da limamai da masu unguwanni su riƙa tunatar da matasa wannan ladabi, su kuma maza su riƙa bincike kafin fushi.

Ga 'Yan Makaranta

Ku kuma 'yan matana, sau da yawa ku ake aika ku karɓo. Nakan gaya wa 'yan ajina abu 3. Ki sa hijabinki kafin ki fita. Ki karɓa a bakin ƙofa inda mutane ke gani, ki yi godiya ki juyo, ba hira ba ba da lambar waya. In wani ya ce ki matsa ya shiga ya gaida Mama, ko ya tambaye ki ko Baba yana nan da dare, ki ce bari ki faɗa a ciki, sannan ki faɗa ɗin. Haka kuma in ke aka aika gidan wasu, ki yi sallama ki jira a amsa, domin Suratun Nur ɗin nan, a aya ta 58, ta koya wa yara ma neman izini a lokuta 3: kafin sallar asuba, da tsakar rana sa'ad da ake hutawa, da bayan sallar lisha. Ƙannenku maza kuwa, ku tuna musu cewa ranar da murya ta fara buɗewa, shiga gidajen maƙwabta ta ƙare.

Amaryar nan tana nan a ɗakinta lafiya, har ta haihu. Har yanzu tana sayen kayanta daga Kano, sai dai a shagon telan bakin layi ake sauke su, maigidan ya biya ya ɗauko in ya taso daga masallaci. Allah Ya rufa mana asiri, Ya zaunar da mu lafiya a gidajenmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.